Kwana ɗaya a gidan likita a Damagaram

Da hantsi muka bar tashar Maraɗi, mu uku, bayan saƙo ya iske mu cewa masassara ta kwantar da innarmu. Muka ratsa Agye da Tasawa da Takeita, tafiyar wajen kilomita 240, gero ya yi kai dama da hagu. La'asar sakaliya muka hango duwatsun Damagaram.

Masu karatu sun san garin: Birni da fadar Sarki, Zango da kasuwanninsa, kuma nan ne babban birnin ƙasa har 1926 da Turawa suka mai da shi Yamai. Mu dai ba kallo ya kai mu ba. Wata ƙaramar likita muka nufa a gefen gari, inda kowace inuwar bedi ke da tabarma da kwanon fura da mai jinya a kai.

Inna ta ƙi gado, wai katifar roba na ƙona mata baya, ta sauka kan tabarma. Ƙanenmu kuwa, da gajiyar mota ta ci ƙarfinsa, ya haye gadon ya ja zanenta ya rufa har ka. Can tsakar dare wuta ta ɗauke. Sai ga wani saurayin ma'aikaci da tocila a baki da allura a hannu, ya duba lambar gado, ya yaye zane. Saura ƙiris! Ƙanenmu ya zabura da ihu, majo ta shigo a guje.

Mun zaci za a yi faɗa. Ashe majon Bafulatana ce, saurayin kuma Babarbare. Ta riƙe haɓa ta ce, "Kai bawana, a garinku tsofaffin mata gemu gare su?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, mai jinyar shanu ce za ta koya mini aiki?" Ɗakin ya kwashe da dariya, har da inna da ta kwana biyu ba ta yi magana ba.

Amma mun lura da abu guda. Tana cikin dariyar ta sa shi ya kira sunan inna da ƙarfi, ya karanta takardar magani a gabanta, sa'an nan ya yi allurar. Ƙanenmu ma bai tsira ba, ta ce gadon marar lafiya ba masaukin baƙi ba ne.

Da asuba wajen shayi aka ci gaba. Mai gadi ya tona asirin majon kanta, wai shekarar da ta fara aiki ta kori sabon lokotoro daga ɗakin haihuwa don ta ɗauka mijin wata ne. Direban motar marasa lafiya kuma an ce ya taɓa isa ƙauye ba tare da ungozomar da aka aike shi da ita ba. Ba wanda ya musa nasa. Wannan wasan taubasai ne UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014, kuma a ganinmu ya fi takardar gargaɗi shiga kunnen yaro.

Ranar da aka sallami inna, saurayin ne ya ɗauko mana ƙunshinta har bakin titi, abokan aikinsa na bin sa da sabon suna, Mai Allurar Baƙi.