Gishiri A Akwatin Kifin Ado

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sun daɗe suna gardama a kan zuba gishiri a ruwan. Wasu masu sayar da kifin sukan ce a barbaɗa cokali guda kowane mako, wai don rigakafi. Shawarar nan kuwa tana da haɗari ga wanda ya tara kifaye iri-iri wuri ɗaya.

Gishiri dai magani ne, babu musu. Jikin kifin kogi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka kullum ruwa yana kutsa masa, shi kuwa yana ta faman fitarwa. In ya raunana, giram 1 zuwa 3 a kowace lita yakan rage masa wahala, har ya taimaka wajen kawar da cutar nan mai sa fararen ɗige-ɗige a fata.

Amma fa akwatin nan gidan haya ne, kowa da garinsu. Moli yana rayuwa har a inda kogi ya gamu da teku. Tetra kuwa da yawansu 'yan kogunan Amazon ne, ba su san gishiri ba. Ƙananan dangin tarwada ba su da juriya sosai, ciyayin da aka dasa kuma sai su ruɓe. Ga shi gishiri ba ya bin tururi: ruwa ya ƙafe, shi ya zauna, mako-mako yana taruwa.

Wanda kifinsa ya kamu, gara ya ware shi a wani mazubi ya yi masa magani can. Sauran kuwa canza rubu'in ruwansu kowane mako ya wadatar.