Leƙe Daban, Shiga Daban

Saura mako uku in kāre furojet ɗina na ƙarshe, manhajata ta fara ƙarya. Ƙaramin shiri ne mai ƙirga ɗaliban da ke shiga laburare ta ƙofa biyu. Mutum ɗari su shiga, ta ce casa'in da bakwai. Ashe sassa biyu na shirin ne ke taɓa lamba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta lokaci guda: wannan ya karanta 40, wancan ma 40, kowa ya rubuta 41. Mutum ɗaya ya ɓace.

Tsoro ya sa na garƙame ko'ina da makulli, har wurin da ake duba lambar kawai. Lissafi ya daidaita, amma shirin ya koma tafiyar hawainiya.

Abokin ɗakina ne ya warware mini, ba da saninsa ba. Da asuba, cikin zafin Afrilun Sakkwato, ya leƙa banɗakin hostel daga nesa ya dawo. "Da mutum ciki," in ji shi. Na ce, in ya riga ya fito fa? Ya ce, "To mi ya ɓaci? Sai in sake dubawa. Wurin shiga ne ake sa sakata."

Na zauna shiru. Haka masu gina Linux suke yi. A cikin makullansu, wanda ke jira yakan leƙa ya ga ko mai riƙe da makullin yana kan aiki, ba tare da ya kulle komai ba. In ya ga tsohon labari, ɗan lokaci kawai ya ɓata. Amma ba sa barin leƙen a ɓoye. Tun 2020 Linux na da KCSAN, mai farautar irin wannan karo, kuma wanda ya ce nasa karon ba shi da illa sai ya yi masa alama da READ_ONCE ko data_race, ya rubuta dalili.

Na cire makulli daga allon nuni, na bar shi wurin ƙari, na rubuta dalilina a gefe. Ranar kāriya malam ya ɗora yatsa daidai wurin: "Nan fa?" Na ce leƙe ne, ranka ya daɗe, ba a yanke hukunci da shi. Ya karanta bayanin sau biyu, ya juya shafi.