Wa Ke Sayen Wayar?



Mu bakwai ne a majalisarmu. Muna zama a bencin wani mai shayi a Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci, daga bayan Isha'i har sai sauro ya kore mu. A cikinmu akwai tela, da malamin firamare, da direban Keke Napep, da mai POS, da ma'aikacin gwamnati, sai mu biyu da muke ɗan taɓa rubutu. Hirarmu kusan kullum ɗaya ce: gari ya lalace, 'yan sara-suka sun hana mutane sakat, yaran yanzu ba su da tsoron Allah.

Wani dare mai POS ya iso ransa a ɓace. An ƙwace wayar ƙanwarsa a cikin keke, tana dawowa daga Kasuwar Sheikh Gumi da magariba. Wanda ke zaune kusa da ita ne ya nuna mata wuƙa, ya karɓe, ya dire. Bashi ta ci ta sayi wayar, da ita take tallan atamfa da turaren wuta. Ranar babu irin tsinuwar da ba mu yi ba. Tela ya fi kowa zafi, ya ce da zai kama irin yaran nan da hannunsa, ba zai jira ɗan sanda ba.

Bayan mako uku sai ga telan nan da waya mai kyau. Wani yaro ne ya kawo masa har shago, ya ce mahaifiyarsa ce ba lafiya. Wayar da ko tsohuwa ce ba za ta gaza naira dubu 120 ba, ya same ta a dubu 35. Babu kwali, babu rasit, babu caja. Muka riƙa miƙa wa juna ita muna juyawa, muna cewa, “Kai, ka taki sa'a!” Dukkanmu mun faɗa, har da wan yarinyar da aka yi wa ƙwace.

Malamin firamare ne ya shiga wajen hotuna don ya gwada kyamara. Ashe an goge wayar tas, amma an manta da memori a ciki. Sai ga wata mata da lalle a hannu tana rungume da jariri. Sai ga ragon suna. Sai ga bidiyon wata tsohuwa ta karɓi jaririn tana tofa masa addu'a, tana dariya da giɓinta.

Benci ya yi tsit. Can tela ya ce, “Ni dai saya na yi da kuɗina.”

Mai POS ya ajiye kofinsa a ƙasa. Ya ce, “Haka wanda ya sayi ta ƙanwata ma zai ce.”

Da ba don malamin ba, da daren ya ƙare da rigima. Ya ce kada mu taru a kan mutum ɗaya. A zaga benci, duk wanda ya yi kwana bakwai bai karya doka ko ɗaya ba, ya ɗaga hannu, shi zai biya masa shayi da ƙwai har ƙarshen wata.

Aka fara da direban keke. Ya yi dariya ya ce a wuce shi kawai. Kullum sai ya bi hannun da ba nasa ba don ya rage hanya, sai ya ɗora fasinja biyu a gaba, kuma takardunsa sun fi shekara da mutuwa. Idan an tare shi ya miƙa na goro.

Ma'aikacin gwamnati ya ce shi ai ba ya taɓa kuɗin kowa. Muka tambaye shi ƙarfe nawa yake barin ofis. Ya ce sha biyu, wani lokaci ma abokinsa ne ke sa masa hannu a rajista. Shekarun haihuwa fa? Ya sosa ƙeya. Ya rage huɗu da takardar rantsuwa, don kada ritaya ta riske shi yara ba su gama makaranta ba.

Mai POS ya tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta zama gwal. Ya sayar da dubu goma a kan ladan dubu biyu, ga mutanen da ya san asibiti za su kai kuɗin. Malamin da kansa ya amsa cewa ya taɓa tsayawa gadin jarrabawa ya juya baya, bayan iyaye sun haɗa abin da suka kira kuɗin taimako.

Da aka zo batun wuta kuwa, huɗu cikin bakwai sun jona ta bayan mita. Dutsen guga da hita da firij suna kan layin sata, ƙwai biyu da fanka ne kawai mita ke gani.

Mu masu rubutu muka gyara zama, muna ganin mun tsira. Sai malamin ya ce mu buɗe WhatsApp. Littattafai nawa ne a ciki waɗanda marubutansu suka sa musu kuɗi, naira 300 ko 500, wani ya saya ya watsa, mu ma muka tura gaba? Fina-finan Hausa nawa aka tura mana a shagon caji? Ba mu iya ƙirgawa ba. Mu ne kuma masu kuka kullum cewa rubutu ba ya ciyar da mai shi. Akwai dokar haƙƙin mallaka, sabuwarta ma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a 2023, kuma mun sani sarai.

Babu wanda ya ci shayin malam.

Muka ci gaba da tono. Tun 2014, zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, aka yi dokar hana acaɓa a cikin garin Kaduna, amma waye a cikinmu bai hau ba tun daga lokacin? A ƙarshen Maris 2020 aka rufe gari saboda korona, har da kotunan tafi-da-gidanka, mu kuwa ta lungu muka riƙa zagayawa zuwa ɗaurin aure. Liƙi a wajen biki ma laifi ne: dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira dubu 50 ga mai liƙa naira, ko taka ta, ko sayar da ita. Duk bikin da muka je sai mun sayi sababbin kuɗi a bakin ƙofa mun watsa.

Kuma ba bencinmu kaɗai ba ne. A 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka sun fitar da bincike kan cin hanci. Cikin kowane mutum 100 da wata hulɗa ta haɗa su da jami'in gwamnati a shekarar da ta gabaci binciken, kimanin 30 sun ba da cin hanci ko an nemi su bayar. An kiyasta cewa ana miƙa shi sau miliyan 117 a shekara. 'Yan daba ba su da yawan da za su cika wannan adadi. Masu zuwa neman lasisi ne, da masu neman gado a asibiti, da masu neman a mayar musu da wuta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a matsayin masu aiki da kalmomi shi ne sunayen da muke raɗa wa abubuwan nan. Idan yaron Rigasa ya yi, sunansa sata. Idan mu muka yi, sunansa dabara. Cin hanci ya zama na goro. Satar amsa ta zama taimako. Tsallake layi ya zama alfarma. Kayan sata ya zama araha, mai sayensa kuma mai sa'a. Da zarar an canja wa abu suna, sai zuciya ta daina bugawa idan an aikata shi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Kada a ce mun daidaita mai zare wuƙa da mai liƙi a biki. Wanda ya sa wa yarinya wuƙa a wuya ya yi abin da babu ɗayanmu da ya yi, kuma hukuncinsa daban ne. Mun kuma san dalilan da ke tura mutane. Wanda aka yi shekaru ana kawo masa bil na ƙiyasi alhali wuta ba ta zuwa, ba zai ji kunyar jona waya ba. Direban da ya ƙi ba da naira ɗari zai iya wuni kekensa na tsare, ga mai keke na jiran balas da yamma. Talaka yana kallon waɗanda suka kwashe biliyoyi suna shiga sahun gaba a masallaci. Duk wannan gaskiya ne, kuma mun faɗe shi a bencin da ƙarfi.

Sai dai hoton matar nan ya hana uzurin zama daram. Yaron da ke ƙwace waya ba ya cin waya. Yana buƙatar mai goge ta, da mai saye wanda ba zai yi tambaya ba. Haka mai kwance wayar taransifoma da mai ɗauke murfin kwalbati, duk akwai sikelin da ke jiran su. Shi ya sa tun dokar Final Kod ta Arewa da ta fara aiki a 1960, har zuwa wadda Jihar Kaduna ta yi wa kanta a 2017, karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa, matuƙar mutum ya sani ko yana da dalilin da zai sa ya gane. Wayar dubu 120 a kan dubu 35, ba kwali ba rasit, ai dalili ya wuce haka? Hausawa sun riga doka faɗa: abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Sauran ma kowanne da wanda yake biya. Layukan sata ne ke yi wa taransifoma nauyi har ta ƙone, sannan a bi gida-gida karɓar kuɗin gyara, har gidan bazawarar da ƙwai ɗaya take kunnawa. Yaron da aka juya masa baya a ɗakin jarrabawa, wata rana shi zai riƙe allura a kemis ɗin unguwa. Marubuciyar da muka watsa littafinta kyauta ta daina rubutu ta koma sayar da zoɓo, mu kuma muna tambaya ina ta shiga.

A nan ne abin ya shafi alƙalaminmu. Ku duba mugu a yawancin labaranmu: jajayen idanu, tabon sara a kumatu, baƙin leɓe, murya kamar ta gardi. Mutumin kirki kuwa fari tas, da carbi a hannu. Mai karatu zai gama littafin ya tsine wa mugun, ya kwanta hankali kwance, don babu inda ya ga kansa. Telanmu yana sallar Asuba a jam'i, yana riƙe da marayu biyu na wansa, yana yi wa almajirai ɗinki kyauta da sallah. Shi ne kuma ya ga wayar, zuciyarsa ta gaya masa gaskiya, ya ce da ita ta yi shiru. Daƙiƙa goman nan da ya yi yana juya wayar kafin ya zaro kuɗi, a cikinsu labarin yake, kuma ba mu cika rubuta su ba. Wataƙila don sai mun leƙa cikinmu kafin mu iya.

Ga yadda aka ƙare da wayar. A cikin hotunan akwai katin gayyatar suna, da lambobi biyu a ƙasa. Kwana biyu muna gardama. Tela ya ce idan aka kira, shi za a fara kamawa, kuma tsoronsa na kan hanya, don mun ga wanda ya je mayar da tsintuwa ya kwana a bayan kanta. Direban keke ya ce a cire memorin a jefar, magana ta mutu. Mai POS bai ce komai ba, kallon tela kawai yake yi.

A dare na uku muka je wajen limamin unguwa muka zayyana masa komai. Ya ce, “Ku kira a gabana.” Mijin matar ya ɗauka, mutumin Badarawa ne. Washegari bayan La'asar ya zo da ƙaninsa, aka zauna a zauren liman. Ya ce a Kawo aka fizge wayar daga hannun matarsa tana jiran mota. Ya karɓa, bai ko duba jikinta ba, ya shiga neman bidiyon nan. Tsohuwar surukarsa ce, ta rasu wata biyu bayan sunan, kuma babu muryarta a ko'ina sai a nan.

Tela ya sunkuyar da kai ya ce, “Alhaji, a yafe mini.”

Mutumin ya ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Bai kai maganar ko'ina ba.

Muka yi karo-karo muka haɗa wa tela dubu 15, ya yi asarar dubu 20. Wayar ƙanwar mai POS har yau shiru, tana nan a hannun wani mai sa'a. A cikin huɗun da suka jona wuta, ɗaya ya cire, uku suna nan yadda suke. Mu biyu mun goge littattafan da ba mu biya ba, muka nemi marubuta uku muka tura musu kuɗinsu, sauran ba mu ma san inda za mu same su ba. Direban keke ya ce zai sabunta takardu bayan sallah, bai dai faɗi wace sallar ba.

Makon jiya yaron ya sake leƙo shagon tela da wata wayar, wannan karon wai kuɗin makaranta ne. Tela ya ce masa ba ya so, ya kuma yi masa nasiha. Yaron ya saurara har ƙarshe, ya ce to, ya mayar da ita aljihu. Tela ya ce yana kallonsa ta taga, ya tsallake shago biyu ya shiga na uku, kuma bai fito da ita ba.

Allah ya sa mu gyara. Sai mun ji daga gare ku.