Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Akwai wani aikin asibiti wanda babu allura a cikinsa, babu ƙwaya. Mai yinsa shi ke koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai sāke cin tuwo da hannunsa, ya sa rigarsa, ya koma kan sana'arsa. A Amurka aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki cikin 1917, ta duniya kuwa cikin 1952.

Ni dai abin da ke damuna shi ne yadda ake koyar da su. Na yi jinyar yayana, maɗinki, wata uku. Likita ya ce ya huta, mai motsa gaɓoɓi ya ce ya yi ta tafiya, mai koya masa riƙe almakashi kuwa ba wanda ya nemi shawararsa. Kowannensu gwani ne, amma aji dabam dabam suka yi, ba su saba zama tare ba. Yayana ya rasa maganar wa zai bi.

Cikin 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa haɗa ɗaliban fannonin lafiya su koya daga juna. Watau a ba su labarin majiyyaci guda, kowa ya faɗi abin da zai yi masa, sa'an nan su tsai da magana ɗaya.

To, jama'a, in an kwantar da naku, ku tambayi masu jinyarsa ko bakinsu ya zo ɗaya.