Allura ta Biyu

Shekara huɗu adalimumab yana riƙe min fata. Allura ce da nake yi wa kaina a cinya duk mako biyu, a nan Ingila inda nake zaune. Kafin in same ta, cutar soriyasis ta cinye min gwiwoyi da fatar kai, in na tashi daga kujera sai na kakkaɓe ɓawo kamar dusa. A Kano wasu sun ce makero ne, wasu kyasbi, har akwai wadda ta janye ɗanta daga jikina. Alhali ba a ɗaukarta. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, ta sa fata ta riƙa sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda.

Irin waɗannan allurai, da ake kira bayolojik, kowace da ɗan saƙon da take tarewa a garkuwar jiki. Tawa tana tare wanda ake kira TNF. A shekara ta biyar tabo ya fara leƙowa ta bayan kunne, sai gwiwa. Likitata ta ce hakan na faruwa: wani lokaci jiki kan ɗauki maganin a matsayin baƙo, ya yi ta yaƙarsa har ƙarfinsa ya ragu.

Da na ji haka sai gabana ya faɗi. Wanda ya taɓa yin shekaru cikin riga mai dogon hannu, ko ana zafi, ya san abin da nake tsoro.

Awon cutar ma da tasa matsalar. Cikin abubuwan da ake ba maki akwai jan da fata ta yi, mu kuwa baƙar fatarmu ba ta ja, sai dai ta yi duhu ko ruwan toka. Sai da na riƙa ɗaukar hoto a waya duk mako kafin a ga abin da ni nake ji a jikina.

Zaɓi biyu aka ajiye min. Secukinumab mai tare IL-17, allura duk wata, ko risankizumab mai tare IL-23, duk mako 12 bayan biyun farko. Na ɗauki na biyu, kuma dalilina ba na asibiti ba ne. Alluran nan a firji suke zama, kuma kowa ya san halin wutar gida. Mai tazarar wata uku za ta bar ni in je in yi Sallah da Hajiya ba tare da ina yawo da kula da ƙanƙara ba.

Aka sake min gwajin tarin fuka, aka ce sai mako 16 za a yanke hukunci ko ta karɓe ni. Yau ina mako na tara. Ɓawon ya daina zuba, ƙaiƙayin dare ya lafa. Baƙin tabon da ya bari yana nan, shi an ce sai ya ɗauki watanni.