'Yan Ci-Ranin Hunturu a Ithaca

Motar da ta ɗauko ni daga New York ta shafe kusan awa biyar kafin ta sauke ni a Ithaca, a tsakiyar watan Janairu. Tun daga rabin hanya ƙasa ta koma fara fat, gonaki da rufin gidaje duk dusar ƙanƙara ta lulluɓe su. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Cornell ya tarye ni da wata jibgegiyar riga a hannu. "Kawu, sa wannan tukuna, sannan mu gaisa."

Washegari rana ba ta fito ba sai wajen bakwai da rabi. Ina zaune bakin taga da kofin shayi na hango wani ɗan akwati rataye jikin sanda a bayan gidan maƙwabciyarsu, wata dattijuwa, cike da tsaba. Tsuntsaye na ta sauka a kansa. Amma waɗanda suka ɗauke mini hankali suna ƙasa, suna tsintar abin da na sama suka zubar. Girmansu bai wuce na gwara ba. Kai da baya launin tokar murhu, ciki fari, ɗan baki ruwan hoda. Sai ɗaya ya yi tsalle gaba, ya ja da baya da ƙafafu biyu a lokaci guda, ya tone dusar, ya cafke ƙwaya. Da aka buɗe wata ƙofa suka tashi fir, sai ga fararen gashi a gefe da gefen wutsiya, kamar an buɗe mafici an rufe.

Junko ake ce musu, mutanen gari kuma na kiransu tsuntsayen dusar ƙanƙara, domin tare da ita suke zuwa. Yawancin waɗanda ake gani a wannan lokaci daga dazuzzukan Kanada suke gangarowa. Na jima ina juya wannan a raina. Sanyin da ya hana ni fitar da hannu daga aljihu, su nan ne wurin sauƙinsu. Ci-rani suka zo, kamar yadda mutanenmu ke barin ƙauye bayan kaka su nufi birni har damina ta kusa.

Da hantsi dattijuwar ta ɗebo mini tsabar a tafin hannu. 'Yan ƙwayoyi ne farare, zagayayyu, dangin gero amma ba irin namu ba, kuma ta ce su junko suka fi so. Gaskiya zuciyata ta ɗan yi nauyi. Ni na tashi ina tsaron gonar gero, da majajjawa da gwangwani, ina ihu tun safe har muryata ta dushe don kada jan-baki ya cinye mana abincin shekara. Ga shi yau ina kallon mace ta sayi hatsi da kuɗinta tana zuba wa tsuntsu. Sai na tuna kakata, Allah ya ji ƙanta, da kaskon ruwan da take ajiyewa ƙarƙashin darbejiya idan bazara ta tsananta, tana cewa sadaka ce. Tsuntsun da ke neman ransa a lokacin tsanani daban yake da wanda ya faɗo gona ana dab da girbi.

Kwana biyu bayan haka muka je Sapsucker Woods, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Cornell take. A can na fahimci abin da na ga dattijuwar tana rubutawa a wata takarda da ke kan tagarta. Tun 1987 ake gudanar da wani shiri mai suna FeederWatch: daga Nuwamba zuwa Afrilu mutane a Amurka da Kanada suna ƙirga tsuntsayen da suka sauka a gidajensu, su aika wa masana. Wannan ɗan tsuntsu mai launin toka ma yana da tarihi a kimiyya. Da shi William Rowan ya yi gwaji a Edmonton cikin shekarun 1920, ya riƙa kunna wa junko fitila bayan faɗuwar rana a tsakiyar hunturu, jikinsu ya fara shirin hayayyafa kamar bazararsu ta zo. Ashe tsawon yini suke lura da shi, shi ke gaya musu lokaci ya yi.

Daren jajibirin tafiyata dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Da safe na tarar da dattijuwar da shebur tana share ɗan fili a gindin sandar. Ta miƙo mini gwangwanin tsabar. Na cire safar hannu na watsa, yatsuna suna zogi, muka ja da baya muka tsaya jikin bango. Ɗaya ya fara sauka daga cikin shinge, ya dube mu, ya yi tsallensa gaba da baya. Kafin yaron ya kira ni cewa mota za ta tashi, na ƙirga goma sha ɗaya, ita kuma ta rubuta a takardarta.