Wane Uƙuba Ne Kakanmu?

Tun ina ƙarami a Wurno na haddace salsalarmu kamar Fatiha. Duk ran da Baffa ya kai mu ziyara hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, a hanyar komowa sai ya jero mana ita: mu Toronkawa ne, Musa Jokollo ya taso da mu daga Futa Toro zuwa Ƙonni, can sama kuwa kakanmu Uƙuba ne, Balarabe, wanda ya auri Bajjo Mango. Ban taɓa tambaya ba. Wa ke tambayar Baffa?

Da na zo jami'a na shiga bincike, sai na tarar Uƙuban ba ɗaya ba ne. Wasu malamai sun ce ɗan Nafi'u ne, wasu ɗan Amiru, wasu ma ɗan Yasiru. Shi ɗan Nafi'u, Baƙuraishe, ya kafa birnin Ƙairawan a 670, aka kashe shi a 683 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Ɗan Amiru kuwa Sahabi ne, ya mulki Masar, can kabarinsa yake. To, wannensu ya sha ruwan Futa har ya yi aure? Ga kuma Fulatanci, masana harshe sun ce danginsa su Wolof ne da Serer na Senegal, ba Larabci ba.

Da abin ya tsaya a takarda, da ban damu ba. Amma bara abokina, Bagobirin Goronyo, ya aiko neman auren ƙanwata. Baffa ya ce a ba shi haƙuri, jinin Uƙuba ba ya gangarawa. Wani ɗan'uwanmu na Rabah har ya fi son ya nema.

Na rasa abin yi, sai na durƙusa na ce, "Baffa, Allah ya ba ka yawan rai, ai Sarkin Musulmi Bello da kansa ya kawo a Infaƙul Maisuri cewa Gobirawa daga Kibɗawan Masar suke. In gabas ake nema, su ma can suka fito."

Ya daɗe yana jan tasbaha. Sa'an nan ya ce, "Yaro, mun aika ka karatu ne ko tonon kabari?"

Har yau bai ce i ba, bai kuma mayar da goron ba. Ƙanwata ta rubuto mini makon jiya, wai in ƙara dubawa cikin littattafan nan namu, ko akwai Uƙuba na huɗu da ya bi ta Goronyo.